Ajin sauraro na ranar Asabar a Watford: abin da na biya da abin da 'yata ta samu

Matan da muke haɗuwa a ƙofar islamiyya ranar Lahadi sun sa ni gaba da tambaya a kan darasin da na kai 'yata, wanda ake shirya yara don jarrabawar sauraron kiɗa ta shiga sakandare. Bayani a tsaye a bakin mota, ga sanyi ga yara suna jan mayafi, ba ya ƙarewa, shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya. Abu biyu na biya wa kuɗi a hannun mutum ɗaya: ajin ranar Asabar da wata dattijuwar Baturiya, tsohuwar malamar kiɗa, take yi a wani ɗan zaure da take haya a gefen Watford, da kuma atisayen intanet da take haɗawa da ajin. Ba zan kama sunanta ba, domin akwai inda zan yabe ta, akwai inda zan yi ƙorafi. Irinta kuma suna da yawa a arewacin Landan da Hertfordshire, don haka abin da zan faɗa zai yi wa uwa amfani ko wajen wa ta nufa.

Ga wadda ba ta san zancen ba, ga yadda yake. A Ingila yawancin makarantun sakandare na gwamnati ba su da ikon zaɓar yara bisa ƙoƙarinsu a karatu. In masu nema sun yi yawa, sai a duba ko yaro yana da wa ko ya a makarantar, sannan a auna nisan gidansu da ita. Amma dokar makarantu ta 1998 ta bar wata 'yar ƙofa: makaranta na iya ware har kashi 10 cikin 100 na kujerunta ga yaran da suka nuna baiwa a wasu fannoni, kamar kiɗa, wasannin motsa jiki, zane da harsunan waje. Makarantar da ke ɗaukar yara 200 a shekara, kujera 20 ke nan iyaka. Baiwa doka ta ce a auna, ba abin da aka riga aka koya wa yaro ba, shi ya sa matakin farko na kunne ne zalla. Ba a tambayar yaro ya karanta rubutun kiɗa, ba a tambayarsa ko ya taɓa riƙe wani abin kiɗa.

A yankinmu makarantu bakwai ne suka haɗa kai suna yin jarrabawa guda: Watford Grammar ta maza da ta mata, Parmiter's, Rickmansworth, Queens', St Clement Danes da Croxley Danes. Dame Alice Owen's da ke Potters Bar da Mill Hill County High a Landan su ma suna da kujerun kiɗa, kowacce da nata tsarin. Gidajen da ke jikin waɗannan makarantu sun fi ƙarfin aljihun irinmu masu zaman haya, to duk wata ƙofa da ba ta nisan gida ba sai ka ga iyaye sun yi mata caa. Ana yin rajista tun yaro yana aji biyar, tsakanin bazara zuwa watan Yuni, a zauna jarrabawar a Satumba da shigarsa aji shida, sakamako ya fito kafin 31 ga Oktoba, ranar da ake rufe cike fom ɗin zaɓen makarantu.

Jarrabawar tambaya 60 ce, cikin kamar minti 45, kuma duk daga abin da aka naɗa ake sako ta. Kashi huɗu ce. Tambaya 20 a kan sauti biyu: na biyun ya fi na farko siranta, ya fi shi kauri, ko ɗaya suke. Tambaya 10 a kan ɗan gajeren kari mai sauti biyar da za a kaɗa sau biyu, yaro ya gano ko an sauya ɗaya, in an sauya na nawa ne. Tambaya 20 a kan sautukan da aka danna lokaci guda, ya ce biyu ne, uku ne ko huɗu. Sai tambaya 10 a kan bugu: a yi huɗu, a sake yin huɗu, ya nuna inda aka bambanta. Tsarin tsoho ne. Wani malami a Jami'ar Reading, Arnold Bentley, shi ya fitar da gwaji mai wannan rabon a 1966. A nasa gwajin, sautin da ake aunawa da shi yana girgiza sau 440 a daƙiƙa. Tsakanin wannan sautin da makullin fiyano na gaba da shi girgiza 26 ce, shi kuwa ya yi ta matse tazarar har ta koma 3. Ma'ana ko da fiyano a falonki, ba za ki iya fitar wa yaro irin waɗannan tambayoyin ba, sai dai a na'ura. Wannan ne ya sa na yarda na sayi atisayen intanet ɗin, wanda zan zo kansa.

Matsalar 'yata ba kunne ba ce. Yarinya ce mai son komai nata ya fita daidai, irin wadda za ta goge layi ɗaya har takardar ta huje. Da muka gwada samfurin tambayoyi a gida, takan ci na farko-farko, sai a zo wanda ba ta tabbata ba, ta tsaya cak. Tana nan tana juya shi a ranta, biyu sun wuce, uku sun wuce, sai hawaye. "Umma, ban ji ba, a mayar baya." Abin da aka naɗa kuwa ba ya komawa baya, ba ya jiran kowa. Na ce wa malamar haka tun ranar farko, ta gyaɗa kai ta ce rabin yaran da ake kawo mata ciwonsu ke nan.

Yaran ajin ba su kai goma ba, zama na awa ɗaya ne, kuma iyaye ranar farko kaɗai ake bari su zauna a baya. A wannan ranar ba ta gyara wa kowa amsa ba. Doka ɗaya ta kafa: ko ka sani ko ba ka sani ba, ka yi alama a takarda, ka ɗaga fensirinka sama kafin a kira lamba ta gaba. Fensir a sama shaida ce cewa ka saki wannan tambayar, ta tafi. Da ta hango fensirin da bai tashi ba sai ta kira sunan mai shi a hankali, ba tsawa, ta ce, "Waccan ta wuce, ga wata nan tafe." Da farko na ɗauka wasan yara ne. Daga baya na gane cewa duk kuɗin da na biya, wannan ɗaga fensirin na saya, domin ya ba yarinya abin yi da hannunta a daidai lokacin da a da take daskarewa.

Sannan ta riƙa ɓata musu zama da gangan. Ana cikin sauraro sai ta yar da littafi, ko ta yi tari, ko ta ja kujera, ko ta buɗe ƙofa ƙarar motoci ta shigo. Wani lokaci ta cusa tambayar da ba mai iya amsawa, bayan an gama ta gaya musu cewa ita ma ba ta san amsar ba, ta tambayi wa ya yi alama ya wuce, a tafa masa. Kowane mako tana sauya musu wurin zama, yau kana jikin lasifika, gobe kana can kusurwar da sauti ke dawowa daga bango. Dalilinta shi ne a ranar jarrabawa ba kai kake zaɓar kujera ba, kuma a ɗakin da aka tara yara da yawa a watan Satumba ba a rasa mai mura. A takarda suke amsawa, yatsan hagu a kan layin da ake, don ta ce ta ga yara masu kunne sun zubar da kashi guda cur saboda sun tsallake layi ɗaya, duk amsoshin da suka biyo baya suka zame ƙasa. Wannan ba darasin kiɗa ba ne, darasin zaman jarrabawa ne, kuma a nan ta ƙware.

Ba ta taɓa karanta maki a gaban aji ba. Kowane yaro da ɗan littafinsa, yana gwada na yau da na makon jiya, ba da na maƙwabcinsa ba. Wani uba ya matsa sai ta gaya masa ɗansa na nawa ne a ajin, ta ƙi, a gabanmu, cikin fara'a. Na ji daɗin haka, don na san 'yata: da ta ji cewa wata ta fi ta da maki biyar, shi ke nan an gama da ita na mako guda.

A kashin farko, abin da ya fi ruɗa yara shi ne su ɗauka sautin da ya fi ƙara shi ne ya hau. Malamar ta magance wannan da buga siririn sauti a hankali, ta buga kakkaura da ƙarfi, ta yi ta juya su har yaran suka raba abubuwan biyu a kunnensu. Tana sa su bi sautin da hannu, ya hau su ɗaga, ya sauka su sauke, daga baya ta hana hannun ta ce su yi a zuci. A gida na taimaka da muryar Abbanta da ta ƙanenta: ko Abba ya yi raɗa muryarsa mai kauri ce, ko ƙaramin ya tsala ihu tasa siririya ce. Ta kama nan take. Ta kuma koya musu kada su ji tsoron amsa cewa ɗaya suke. Yara da yawa suna ganin kamar dole a sami bambanci, sai su ƙirƙiro shi.

Kashi na uku, na ƙirga sautukan da aka danna tare, shi ne dutsen. Ni kaina da na gwada, sai na ji kamar an ba ni miya cokali ɗaya an ce in faɗi kayan ƙamshi nawa ke ciki: ka san da daddawa, ka san da citta, amma na ukun ya ɓuya a bayansu. Yadda ta koyar da shi ya burge ni. Ta danna su tare, sannan ta warware su ɗaya bayan ɗaya, ta sake haɗawa. Ta sa yara su rera mafi kauri, su rera mafi siranta, sannan su laluba ko akwai wani a tsakiya. Wani lokaci ta tsayar da yara uku ko huɗu kowa ya riƙe sautinsa da baki, ɗaya ya tsaya a tsakiyarsu ido rufe ya ƙirga. Ta nuna musu tarkon da ke ciki: sauti biyu masu jituwa sosai sukan narke su zama kamar ɗaya, biyu kuma masu karo da juna sukan cika kunne har ka rantse huɗu ne. 'Yata ta ɗan ɗaga a wannan kashin cikin makonnin farko, sai ta tsaya wuri guda ta ƙi gaba. Na tambayi malamar ko in ƙara mata atisaye a gida, ta ce a'a, wannan kashin a hankali yake tashi, in aka matsa sai yaro ya fara zargin kunnensa har a inda a da yake ci.

A nan ne ta gaya mini wani abu da ban zaci zan ji daga bakin mai karɓar kuɗina ba. Ta ce wani masanin koyar da kiɗa Ba'amurke, Edwin Gordon, ya daɗe yana cewa baiwar kiɗa takan daidaita a wajen shekara tara, bayan nan sai dai a koyi amfani da abin da ake da shi. Yaranmu kuwa shekara goma suke zuwa wajenta. Ta ce ita ba ta sayar da kunne, abin da take yi shi ne ta cire duk abin da zai hana kunnen da yaro ya zo da shi ya fito a takarda. Na yarda da ita. Sai dai shafinta na intanet ba haka yake faɗa ba, can alƙawarin ƙarin maki ne da manyan baƙaƙe, da jerin makarantun da ɗalibanta suka shiga, ba tare da an faɗi yawan waɗanda ba su shiga ba. Matar da ke cikin zauren ta fi tallarta gaskiya.

Kari da bugu ba su ba mu wahala ba. Yatsu biyar a kan cinya, kowane sauti da yatsansa, wanda ya sauya ka danne shi. Bugu kuma da babban yatsan ƙafa a cikin takalmi, inda ba mai gani ba mai ji.

Da ta ga 'yata tana cin waɗannan biyun, sai ta tambaye ni yaren da muke yi a gida. Na ce Hausa, na ɗan bayyana mata cewa hawa da saukar murya yana sauya ma'ana a harshenmu, har kalangu yana iya kwaikwayon magana. Ta yi ta murna, ta kawo mini binciken da Diana Deutsch da abokan aikinta suka wallafa a 2006, inda aka gwada ɗaliban makarantar kiɗa ta Beijing da na makarantar Eastman a Amurka, aka tarar masu jin Sinanci sun fi iya faɗin sunan sauti da zarar sun ji shi. Na saurare ta, amma ban ɗauki abin da zafi ba. Waɗancan ɗaliban kiɗa ne da suka shekara suna koyo, abin da aka gwada kuma ba shi ake tambaya a wannan jarrabawar ba, 'yata kuwa Hausarta rabi da rabi ce, ta Watford. Abin da ni na lura da shi ya fi kusa da gida: yarinyar da ta saba zama gaban malamin islamiyya ta ji aya sau ɗaya ta mayar da ita da muryar da aka karanta, tana ƙirga jan madda biyu ko huɗu ko shida, ta riga ta saba riƙe sauti a ka ta gwada shi da wani. Ganina ne a kan 'yata, ba hujja ba ce a kan 'ya'yan kowa.

Atisayen intanet ɗin kuwa, a nan ƙorafina yake. Amfaninsa ɗaya, wanda na faɗa: yana fitar da sautukan nan masu matsattsiyar tazara. Ban da wannan, duk abin da malamar take ginawa ranar Asabar, shi yana rushe shi ranar Litinin. Kana amsa tambaya sai ya watso maka ja ko kore a fuska, ga wata 'yar ƙara mai ban haushi in ka faɗi. Yarinyar da ake koya wa ta saki tambaya ta wuce, ga na'ura tana tsayar da ita a kan kowane kuskure. Akwai maɓallin sake saurare, wanda babu shi a jarrabawa, kuma ba a iya kashe shi. Akwai allon da ke jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, abin da ita kanta malamar ta hana a ajinta. Tambayoyin ba su da yawa, kafin wata guda 'yata ta haddace wasu, makinta ya yi ta hawa ba don kunnenta ya ƙaru ba. Sautin fiyanon kuma siriri ne marar jiki, a lasifikar waya sautuka masu kauri ɓacewa suke yi, sai huɗu su koma uku. Na gaya wa malamar, ta ce wani ne ya haɗa mata manhajar, tana sane, za a gyara. Har muka gama ba a gyara ba.

Dabarar da muka yi ita ce na haɗa kwamfuta da lasifikar falo, na juya allon yana kallona, ita tana can kan teburin cin abinci da takarda da fensir. Ni nake dannawa, ita ba ta ganin ja ba ta ganin kore, sai mun gama mu duba tare. Minti goma, ba kullum ba, kuma ba da abin sawa a kunne ba, don kada ta saba da sautin da ke zuwa tsaf ba hayaniya. Ranar da ta dawo makaranta a gajiye, a bar shi.

Akwai maganar da ba a yi a zauren, amma an yi ta a gidanmu, kuma na san za a yi ta a gidajenku. Da Hajiya ta ji labari daga Zariya sai ta kira. "Yanzu jikar tawa za ku mayar makaɗiya? A danginmu wa ya taɓa rataya ganga?" Na ce, "Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ba ganga za ta rataya ba, kunnenta za a gwada don ta sami makaranta mai kyau." Ta ce to, amma da jin muryarta ba ta gamsu ba. Abban yara shi ma ya yi jim, daga baya ya ce ya yarda da sauraro da rerawa da baki, iyakarsa ke nan. Kuma tambayarsa tana kan hanya, domin makarantar da ta ba yaro kujera saboda kiɗa tana sa ran ganinsa a ƙungiyar mawaƙanta ko ta makaɗanta, da zaman gwaji bayan an tashi, da bukukuwan ƙarshen zango. Malamar ba ta taɓa ɗaga wannan zancen ba, ita a wajenta abin murna ne. Kowane gida ya san inda ya tsaya a kan kiɗa. Shawarata ita ce a yi wannan maganar tun kafin a biya ko fam ɗaya, a kuma tambayi makarantar a ranar da take buɗe ƙofa ga iyaye me take bukata daga yaron da ya shiga ta wannan hanyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Makonni biyu kafin jarrabawa ta yi musu gwaji cikakke a wani babban ɗaki, ta haɗa yaran ajujuwanta duka da wasu daga waje, da layi a ƙofa, da lambar kujera, da wani baƙon mutum mai karanta ƙa'idoji fuska ba walwala. Kuɗinsa daban ne, kuma shi ne abin da ya fi kowanne cancantar kuɗinsa. 'Yata ta fito ta ce cikinta ya yi ta juyawa a tambayoyin farko, sannan ya daina. Ranar jarrabawar gaske ta shiga ta fito ba hawaye. Ta ce akwai guda uku da ba ta ji komai ba, ta yi alama ta wuce, har ta kusa ɗaga fensir sama sai ta tuna ba a zauren take ba.

Ta tsallake matakin farko, aka kira ta na biyu, inda yaro yake kaɗa abin kiɗansa ko ya rera waƙa na 'yan mintuna a gaban alƙalai. Malamar tana da shiri na musamman don wannan, mutum ɗaya-ɗaya, da tsada. Abin da ta koya mata mai amfani ne: yadda za ta shiga, ta faɗi sunanta da na waƙar, ta tsaya ƙafa biyu a ƙasa, ta ja numfashi kafin ta fara, in ta yi tuntuɓe kada ta koma farko. Waƙoƙin da ta fara kawo mana na coci ne, na ce ba za su yi mana ba, ta sauya da wata tsohuwar waƙar gargajiyar Turawa ba tare da ta ɓata rai ba. Amma a layin shiga na ga abin da ba ajin Asabar da zai iya cikewa. Yara da akwatunan goge da sarewa, wasu iyayensu suna hirar cewa sun kai mataki na biyar ko na shida a jarrabawar kiɗa ta ABRSM, mai matakai takwas. Doka ta ce baiwa ake aunawa, na kuma yarda alƙalan suna ƙoƙarin hakan, amma yaron da ya shekara biyar yana tsayawa gaban mutane yana kaɗawa ba zai shiga ɗakin kamar wadda ta fara koyon rerawa a watan Satumba ba. Da malamar ta faɗa mana haka ƙarara tun farko, da ta kyauta. Makin 'yata bai kai na kujerar kiɗa a makarantar da muka sa a farko ba. Ranar 1 ga Maris aka ba ta zaɓinmu na biyu, ta hanyar nisan gida, kuma tana jin daɗinta.

Kuɗi: kowane zaman Asabar fam ashirin da 'yan kai ne, ana biyan na zango gaba ɗaya, kuma in yaro bai zo ba ba a mayarwa, ko da rashin lafiya ne. Mun fara bayan hutun Ista. A ganina rabin abin da muka yi ya isa, don duk abin da ya canja a 'yata ya canja ne a makonnin farko, sauran maimaici ne. Yaron da ba ya tsoron jarrabawa, ko wanda ya riga yana koyon kiɗa, gwajin nan cikakke kaɗai ya ishe shi, sai samfurin tambayoyi a gida don ya san fasalinsu. Mai daskarewa irin tawa, ajin ya dace da shi. Zauren yana da sanyi har a watan Mayu, a sa wa yaro rigar sanyi. Wurin ajiye mota ƙarami ne, titin kuma na masu izini ne, sai an ɗan taka. Rajistar jarrabawar ba aikin malamar ba ne, iyaye ne suke yi da kansu a shafin makarantun, kuma akwai wata uwa a ajinmu da ta ɗauka an yi mata, sai da aka rufe ta sani.

Atisayen intanet ɗin yana sabunta kansa duk wata, ba ya tsayawa don jarrabawa ta wuce, kuma ba a faɗa mana haka da baki ba, yana can cikin ƙananan rubutu. Sai a Nuwamba na ga an ci gaba da cira daga asusuna. Na rubuta mata, ta ba da haƙuri ta mayar da na wata ɗaya, ta ce na ɗayan watan ya riga ya wuce hannunta. Maɓallin sokewa ba ya cikin manhajar, sai an shiga ta kwamfuta, a ƙarƙashin bayanan asusu, can ƙasa.